Sa Hannun Jatau Mai Gurmi

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

An yi wani attajiri a Kano, Alhaji Tanimu, wanda Allah ya jarabce shi da son kayan mawaƙa. Ba waƙar ta dame shi ba, don ko amshi bai iya ba. Sa hannu yake so. Faifan garmaho, kaset, hula, kalangu, in dai mawaƙi ya rattaba sunansa a kai, Alhaji zai saya ya kulle a gilashi. Ɗaki guda ya ware musu.

Ranar da aka fito da gurmin marigayi Jatau a gwanjo, da sunansa da ajami a jikin fatar, Alhaji ya yi ta ɗaga hannu har kowa ya janye. An ce da safe Jatau ya rubuta sunan nan, da la'asar ya faɗi matacce ana tsakiyar waƙa. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, gurmi ba ya zaman gilashi, hannu yake so." Alhaji ya yi dariya, ya ba shi na goro.

Ba a jima ba, wata rana da azahar, ya lura harafin farko ya ɓace daga fatar. Da ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai ga harafin a tsintsiyar hannunsa, baƙi wuluk. Sabulu bai fitar da shi ba, rubutun sha bai fitar ba. Da na biyu ya biyo, yatsunsa suka fara kaɗa tsirkiyar da babu ita. Da na uku ya biyo, ya buɗe baki zai kira matarsa, sai muryar wani ta fito. Tsoro ya kama shi, don ya gane in harafin ƙarshe ya ƙaura, Tanimu ya tafi, Jatau ne zai zauna a jikin. Ya rantse duk wanda ya cece shi, ɗakin nan da abin da ke ciki nasa ne.

Isiyaku ɗan gwanjo shi kaɗai ya san asalin gurmin. Shi ne ya yi shela cewa Jatau bai bar magaji ba, don kaya ya yi daraja. Da ya ga hannun Alhaji, sai ya tsaya gaban masu saye ya ce ƙarya ya yi, akwai ɗa a wani ƙauye bayan Gumel, ya kuma faɗi gidan. Tun ranar ba wanda ya sake kawo masa ko tsinke ya sayar.

Aka ce maganin shi ne a mayar da gurmin hannun ɗan. Amma sanin gida daban, kai kaya daban. Direbobi suka ƙi, don duk wanda ya taɓa gurmin sai maƙogwaronsa ya shaƙe. Barira, autar Alhaji, ta fasa gilashin, ta goya gurmin kamar jariri, ta hau motar haya. Duk tsawon hanya tana jin sa yana gunaguni a bayanta. Ta isa, amma muryarta ba ta isa ba. Har yau da raɗa take magana.

Ɗan kuwa, Hambali, tela ne. Uwarsa tana gargarar mutuwa ta sa shi ya rantse ba zai taɓa gurmi ba, don shi ya cinye ubansa. Ya dubi yarinyar nan tana nuna masa bayanta da hawaye, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ya karɓa, ya ɗora daga inda uban ya tsaya, ya kaɗa har waƙar ta ƙare, fatar ta tsage. A daidai lokacin, can Kano, hannun Alhaji ya koma fes. Sai dai maƙwabta sun ce yanzu in Hambali ya taka kekensa na ɗinki, kiɗan Jatau ne ke fita, kuma ba ya iya tsayawa sai ya kai ƙarshe.

Alhaji ya warke, ko ƙofar ɗakin ba ya son kallo. Ga shi zaune da mabuɗi a tafin hannu, kuma mutum ɗaya ya rantse zai ba.

To jama'a, tsakanin wanda ya rasa sana'arsa, da wadda ta rasa muryarta, da wanda ya karya alkawarin uwarsa, wa ya kamata ya miƙa wa mabuɗin nan?