Mai Tsayuwa a Bayan Ƙofa

Akwai wani manomi wanda mahaifiyarsa ta tsufa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Ya shimfiɗa mata katifa a ƙasa cikin ɗakin da ke kusa da nasa, yana ba ta kunu da hannunsa safe da yamma.

Amma kullum da la'asar, in rana ta karkata, sai tsohuwar ta ƙura wa ƙofa ido. Ta ce, "Ɗan nan, ga shi ya dawo. Yana tsaye a bayan ƙofa, ba shi da kai."

Manomin ya waiwaya daga inda yake tsaye, ya duba. "Inna, ba kowa," in ji shi.

Ya kira dattawan ikilisiya. Suka tsaya a kanta suka yi addu'a, suka dubi bayan ƙofar, suka fita suna cewa, "Tsufa ne, hankalinta ya fara gushewa." Matan maƙwabta suka daina shiga ɗakin.

Wata rana haƙurinsa ya ƙare, ya daka mata tsawa. Tun daga ranar ba ta ƙara faɗa ba. In la'asar ta yi, sai ta runtse ido, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Abinci ma ta ƙi shi, tana ta ramewa.

Ran nan da la'asar yana lallashinta ta sha kunu, sai ludayin ya suɓuce ya gangara bayan matashinta. Ya sunkuya zai ɗauko, har kuncinsa ya taɓa katifar. Da ya ɗaga ido daga nan, sai shi ma ya gani. Ga wani dogon mutum tsaye a bayan ƙofa, kafaɗu ba kai, ƙafafu a haɗe, hannu ɗaya yana motsi a hankali kamar mai kira.

Ya miƙe zumbur. Tsohuwar rigarsa ta gona ce a rataye jikin ƙusa, takalmansa na roba a ƙarƙashinta, hasken rana na shigowa ta tsagar ƙofa, iska na kaɗa hannun rigar. Shi da kansa ya rataye ta a nan wata uku da suka wuce.

Ya sauke rigar, ya durƙusa. "Inna, na gan shi. Ki gafarce ni."

Ta dubi bayan ƙofar. Sa'an nan ta ce, "Miƙo kunun."

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙaramin yaro yakan rufe idonsa da tafin hannu ya ce, "Ba ka ganina," gama yana tsammani abin da yake gani shi ne kowa ke gani. Sai ya girma yake gane cewa wani na kallo daga wani wuri dabam. Amma da yawanmu mun yi furfura, hankalinmu bai wuce nan ba. Manomin nan yana ƙaunar mahaifiyarsa, duk da haka wata uku ya bar ta da tsoro ita kaɗai, domin bai taɓa sa kansa inda kanta yake ba. Ubangijinmu bai tsaya a Sama yana ce mana ba kome ba. Ya sauko ya ɗanɗani wahalarmu. 'Yan'uwa, akwai wanda ya daina faɗa muku damuwarsa a gidanku? Ku je ku zauna a ƙasa kusa da shi tun yau.