Fankar Motar Malam Sallau

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi nasa.

Malam Sallau direban manyan motoci ne, shekara arba'in yana kan hanya. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar bas ya mai da ita gida, ya sa mata gado da murhu da tankin ruwa. Burinsa ɗaya ne: ya ga ƙauyen da aka haife shi, can bayan Tanut, kafin ciwon zuciyar da ke cinsa ya gama da shi. Ya ɗebi 'ya'yansa uku, Tanimu da Ladidi da Gambo.

Fankar da ke sanyaya injin motar ba bel ke juya ta ba, mai ne ke tura ta ta cikin tiyo. Tanimu, wanda ya yi koyo a gareji, ya sayo sabuwa don ko-ta-kwana. Ranar tafiya tsohon ya gan ta ta tare wurin buhunan tsaraba.

"Ku fitar min da ita," in ji shi. "Ni za a koya wa mota?"

Taurin kai dai, ko tsufa bai rage masa ba.

Sun yi nisa cikin daji, rana ta take, sai suka ji ƙara. Fanka ta tarwatse, injin ya ɗau zafi, mota ta tsaya. Ba gari, ba inuwa, waya ba ta shiga. Cikin motar ya zama kamar tanda. Malam Sallau ya kwanta dafe da ƙirji, numfashi na sarƙewa. Ya san shi ya jawo, kuma kunyar ta fi masa ciwon zafi.

Gambo, autan da kullum ake cewa bai iya komai ba, shi ya fara dira. Ya tarar mai na tsiyaya cikin rairayi. Ya tara tukunyar miya, da ta cika ya toshe bakin tiyon da babban yatsansa. Man na tafasa, fata ta saɓule, bai saki ba. Da man nan ya ƙare, ko fanka goma gare su ba wadda za ta juya.

Ladidi ta durƙusa gaban gadon. "Baba, ka yafe min, na saɓa maka." Ta jawo sabuwar fankar daga ƙarƙashinsa, naɗe cikin zaninta. Ashe tun daga gida a kanta yake kwance.

Tanimu ya shige ƙarƙashin mota da sifana. Bai taɓa kwance irinta ba, sau ɗaya ya ga maigidansa na gareji ya yi. Awa uku yana kwance kan rairayi mai ƙuna, uban na jin bugun ƙarfe ta ƙasan gado yana ƙirgawa. Ya ɗaure noti na ƙarshe, suka tace man da ɗankwalin Ladidi suka mayar. Fanka ta juya.

A asibitin Tanut likita ya ce da sun ƙara awa ɗaya, gawa za su kawo.

Da tsohon ya farfaɗo ya ciro makulli daga aljihu. Ya ce shi da tuƙi har abada, zai ba da motar kyauta ga wanda ya ceci ransa. Ya dubi yatsan Gambo, ya dubi bayan Tanimu da ya ƙone ya ɗuri ruwa, ya dubi Ladidi. Hannunsa ya tsaya a sama, hawaye na zuba.

To, jama'a, makulli ɗaya ne. A tafin wa zai sa shi?