Iyakar da Agya Nkuah Ya Taka da Ƙafarsa

Akwai wani manomin koko a ƙasar Sefwi mai suna Agya Nkuah, mutum ne da in ya ga abu a hannun wani sai ya ji kamar nasa aka ɗauka.

Shi ya ba Atinga, wani baƙo daga arewa, gefen kurmin da ke bayan gonarsa a kan tsarin da suke kira abunu: ka sare daji, ka shuka, ka raina, in ta fara 'ya'ya a raba gonar biyu. Atinga ya yi shekaru yana wannan bauta.

Ana dab da rabo sai ƙungiyar manoma ta turo wata ma'aikaciya, Pomaa, da na'urar awo. Mai gona zai zagaya iyakarsa a ƙafa, ita tana biye, na'ura tana zana taswira.

Nkuah ya ga banza ta faɗi. Ya zagaya tsohuwar gonarsa, ya zarce ya haɗa da ta Atinga kaf.

"Agya, nan fa rabi nawa ne," in ji Atinga.

"Naka? Daga garinku ka ɗauko ƙasar a ka? Na'ura ta riga ta rubuta, je ka yi gardama da ita."

Atinga ya juya ya koma gida. Ya tattara iyalinsa ya bar garin. Abin tausayi, ko adda bai ɗauka ba.

Da kaka Nkuah ya kai buhunansa rumfar awo, aka ƙi ɗora su a sikeli. Pomaa ta nuna masa hotunan tauraron ɗan'adam: sabon gefen nan kurmi ne da aka hana sarewa, kuma ba a sayen kokon da aka noma a irin wannan wuri. Tunda taswira ɗaya ce, gonar duka ta haramta, har wadda ya gada.

"'Yata, ki raba su! Wallahi wancan gefen na Atinga ne!"

"Agya, da ƙafarka ka zagaya, a gaban mutane ka ce naka ne. Kawo Atinga ya shaida, sai mu duba."

Nkuah ya bi tasha-tasha yana cigiya. Babu wanda ya san inda Atinga ya nufa.

Darasi: Wanda ka zalunta yau, wataƙila shi kaɗai ne zai iya fitar da kai gobe. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.