Basillar Gambo Bahago

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku. Kuma kada wani ya ce mini "ai duk sun yi ƙoƙari", wannan amsar malalata ce.

A wani gari akwai kamfanin da ke tsince zoɓo yana turawa ƙasar waje. Ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniya: can za a karɓi zoɓon ba haraji, muddin nan an bar ma'aikata da ƙungiyarsu, ba a taɓa lafiyar kowa ba. Shugaban ƙungiyar shi ne Gambo Bahago, mai ɗinkin bakin buhu, mutum mai taurin kai irin wanda nake so. Da ya ga ana zuba maganin ƙwari a sito alhali mata na ciki suna aiki, sai ya ce zai faɗa wa masu binciken yarjejeniya in sun zo. Saura kwana huɗu su iso, 'yan daba suka cusa shi a mota da rana tsaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Malam Sidi akawun kamfanin ne, matsoraci na bugawa a jarida, ko manaja ya yi tari sai ya miƙe. Amma shi kaɗai ya karanta yarjejeniyar har ƙarshe, ya san dole masu bincike su ga shugaban ƙungiya ido da ido. Ya rubuta musu cewa Gambo ya ɓace, ya sa sunansa a ƙasa. Washegari aka kore shi.

Saboda wasiƙar nan, da baƙin suka iso ko lemon da aka jera musu ba su taɓa ba, suka ce a kawo Gambo. Manaja ya fito da wani ƙaninsa, shi manajan, cikin rigar aiki, ya ce ga Gambo. Ma'aikata suka sunkuyar da kai, don 'yan daba na tsaye a bakin ƙofa. Sai Iya Tabawa, tsohuwar da ke shugabantar mata masu tsinta, ta jawo buhu, ta miƙa masa basillar Gambo ta ce, "Ɗan nan, ɗinke mana bakin wannan mu gani." Ya karɓa da dama, alhali Gambo bahago ne, ya soki yatsansa. Nan take baƙin suka ce ko buhu ɗaya ba zai fita ƙasar ba sai sun ga Gambo da ransa.

To ina za a gan shi? Ɗanliti direba shekara ashirin yana cin abincin Alhaji mai kamfanin, bai taɓa shiga ƙungiya ba, shi da Gambo ma ba sa ga maciji. Da safen nan ya ɗauko kaya daga wani sito a ƙauye. Yana saukewa ya ga buhu guda an warware shi an sake ɗinkewa daga hagu zuwa dama, da ƙulli biyu a ƙarshe. Ɗinkin mutum ɗaya ne a garin nan. Ya juya mota ya koma siton, ya ce wa masu gadi, "Alhaji ya ce in kwaso sauran." A bayan buhuna ya tarar da Gambo kwance, ƙusar da ya yi ɗinkin da ita na hannunsa, warin magani ya cika ɗakin. Ya naɗe shi a tamfol ya saɓa a kafaɗa, ya wuce ta gabansu.

Gambo ya rayu, kuma ba a ƙara zuba magani mata na ciki ba. Sai dai maganin ya cinye masa ƙirji, abin tausayi, mutumin da ke cika sito da murya yanzu sai raɗa. Ranar da zai sauka daga shugabanci ya kira su ukun, ya riƙe basillarsa, wadda zai miƙa wa magajinsa. Ya dubi Sidi, ya dubi Tabawa, ya dubi Ɗanliti, hawaye suka zubo masa.

Basilla ɗaya ce, jama'a. To, in ku ne Gambo, a hannun wa za ku sa ta?