Gangar Sarkin Kasuwa da Turken Cindo

A zamanin da, tun gishiri na zuwa a kan raƙuma, an yi wani Sarki mai babban birni da kasuwar da ba a zagaye ta a wuni ɗaya. Wata shekara sai ciwon ido ya sauka wa garin. Mata su sa kwalli da safe, kafin azahar ido ya kumbura ya yi jajir. Masaƙa suka kasa ganin zare, malamai suka kasa ganin allo. Da masu magani suka bincika, sai suka tarar wasu marasa tsoron Allah ne ke daka gawayi da tsakuwa mai ƙyalli, su zuba toka, su sayar da sunan kwalli. Ka ji mugunta! Ido fa, jama'a, ba tafin ƙafa ba!

A garin nan kuwa ba ka buɗe rumfa sai an kafa maka turke a ƙofa, guntun icen ƙirya mai tambarin Sarki. In turkenka na tsaye, kai ɗan kasuwa ne. In an tuge shi, ko allura ka sayar ka yi laifi.

Sarki ya fusata, ya kira Sarkin Kasuwa Tunau, ya ce, "Ka shiga kasuwa ka bincike ta rumfa rumfa. Wanda ya bar ƙofarsa da shara ko kayansa a buɗe ƙuda na bi, a tuge turkensa. Wanda aka kama da jabun kwalli, a tuge turkensa, kuma ya bar mini gari cikin kwana uku."

Tunau mutum ne mai gaskiya, ko goro ba ya karɓa a ɓoye. Amma Allah ya jarrabe shi da son girma. Ba ya taka ko'ina sai da ganga a gaba da maroƙi a baya. Tun daga ƙofar gidansa ake soma kiɗa, yana tafe yana gyara rawani, yana amsa gaisuwa. Kafin ya iso, kowace rumfa an share ta fes, kowane ɗan kasuwa ya miƙe yana murmushi. Sau bakwai yana shiga, sau bakwai yana fitowa hannu wofi, idanun mutane kuwa na ta kumbura.

A shiga ta takwas ya yi kamu. Akwai wani tsohon ɗan koli, Cindo, wanda ya gaji rumfarsa wurin ubansa, shekara arba'in yana sayar da allura da turare da kwalli. Cindo kurma ne, ko aradu ta faɗi a bayansa ba ya juyowa. Aka iske shi zaune ya ba hanya baya yana jera allurai, ƙofarsa duk ɓawon gyaɗa. Da dogarai suka leƙa bayan rumfar, sai ga buhun jabun kwalli a yashe. Nan take aka tuge turkensa, aka saɓa turken a kafaɗa aka nufi fada da kiɗa. Tsoho ya bi su da kallo, baki buɗe, bai san ma abin da ake tuhumarsa ba.

Washegari da hantsi fada ta cika, sai ga wata dattijuwa ta ratso dogarai, mayafi ɗaure a ƙugu. Tasalla ce, matar Cindo, mai sayar da fura a ƙofar bayan kasuwa. Ta zube ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na zo ƙara, kuma ganga na kawo ƙara."

Fadawa suka yi dariya. Waziri Mijinyawa, wanda ba ya dariya sai ya ji ƙarshen magana, ya ɗaga hannu, ya ce, "Iya, me ganga ta yi miki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a kasuwar nan kaf mutum ɗaya ne ba ya jin ganga, kuma shi kaɗai aka kama. Wannan bai ba ku mamaki ba? Ni a ƙofar baya nake zaune. Duk ranar bincike, tun da sassafe 'yan dako ke cika mini benci, suna shan fura suna kasa kunne. Da an ce dum, sai su ajiye ludayi su ruga ciki. Kafin a yi haka sai buhuna na fita kamar tururuwa, a jibge su a bayan ganuwa. Kiɗa na yin nisa, su kwaso su mayar. Sarkin Kasuwa na shiga ta gaba, kasuwa na fita ta baya!"

Tunau ya miƙe, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, so take in shiga kasuwa shiru, ina sanɗa kamar ɓarawo? Kakana da ganga ya shiga, ubana da ganga ya shiga. Sarauta ce fa, ba tallan fura ba!"

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, kakanka gaisuwa yake zuwa yi wa 'yan kasuwa, kai kamu aka aike ka."

Sarki ya danne murmushi, ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, magana ce mai kama hankali, amma matar mutum ba ta zama shaidarsa. A bari ido ya gani. Kuma kada a hana Sarkin Kasuwa gangarsa. Gobe ma a ƙara masa biyu, da kakaki."

Tunau ya washe baki, ya zaci shi aka ba gaskiya.

Da gari ya waye, wasu baƙi biyu masu tsofaffin riguna da malafa suka zo suka zauna a bencin Tasalla. Sarki ne da Waziri. A bakin ƙofar bayan kuwa, wadda mutum biyu ba sa wucewa tare saboda ƙunci, aka tsayar da dogarai biyu cikin kayan marina, hannuwansu sharkaf da shuni.

Wani ɗan dako ƙaton gaske ya zunguri Sarki da gwiwar hannu, ya ce, "Kai baƙo, matsa mana, mu masu aiki ne. Yau ganga uku za a buga, kaya sun yi yawa."

Sarki ya matsa, ya ce, "Wane irin aiki ne sai an buga ganga?"

Ɗan dako ya ce, "Zauna nan ka sha kallo. Allah dai ya ja kwanan Sarkin Kasuwa, shi ke ciyar da mu bai sani ba."

Bai rufe baki ba sai kakaki ya tashi, ganguna suka amsa. Kai, in ka ga gudu! Ludaya suka watse, fura ta zube, ƙura ta tashi. Kafin Sarki ya gyara malafa, buhuna sun fara fitowa, wani a ka, wani a kafaɗa, wani ana jan sa a ƙasa. Kowane buhu ya zo ƙofa, sai marinan nan su kama shi kamar masu taimako, suna cewa, "Sannu, sannu, wuce!" Kowane buhu ya wuce da shatin tafin hannu na shuni a gindinsa. Sarki ya yunƙura zai tashi, idonsa ya yi ja. Waziri ya riƙe masa riga, ya raɗa masa, "Haƙuri, ranka ya daɗe. In ka kama su a nan, buhu ba shi da uba. Bari kowanne ya koma gidansu da ƙafarsa."

Tunau ya gama zagaye, ya yi shelar kasuwa ta tsarkaka, kiɗa ya yi nisa. Buhuna suka juyo, kowanne ya nufi rumfar da ya fito. Sai da na ƙarshe ya shige, sannan Sarki ya jefar da malafa, aka rufe ƙofofin kasuwa huɗu, aka aika a dawo da Sarkin Kasuwa ba ganga ba maroƙi.

Aka bi rumfuna ana juya buhuna. Rumfa goma sha ɗaya aka samu da shuni. Wadda ta fi kowacce yawan buhuna ita ce ta Madugu Ɓaidu, attajirin da ke zama kusa da Tunau a kowane taro. Ɓaidu ya faɗi yana rantsuwa, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, kwalli ne na gaske, daga hamada aka kawo shi. Tsoron ɓarayi ya sa na fitar da shi."

Waziri ya ɗebo kaɗan a tsinke, ya miƙa masa, ya ce, "Madugu, bakinka ya rantse, saura idonka. Sa mu gani."

Ɓaidu ya dubi tsinke, ya dubi jama'a. Ya kai shi kusa da ido, ya dawo da shi. Ya ce yau da ciwon kai ya tashi. Wata mata mai kumburarren ido ta ɗaga murya daga baya, "Mu da ciwon me muka tashi da ka sayar mana?" Kasuwa ta ɗauki ihu.

Aka kawo Cindo da tandun kwallinsa. Tasalla ta yi masa nuni da hannu. Tsoho ya ɗaga kafaɗa, ya zizara a ido biyu, ya ƙara, ya ƙifta, ya tsaya yana kallon mutane yana mamakin abin da ya tara su. Ganin haka ƙaton ɗan dakon nan, wanda tun da ya gane wa ya zungura gumi ke karyo masa, ya zube ya ce, "A gafarce ni. Buhun da aka samu a bayan tsoho na Madugu ne. Ran nan na makara, dogarai suka tare mini hanya, na jefar a inda na san mai wurin ba zai ji faɗuwarsa ba."

Sarki ya yanke hukunci a tsaye. Turke goma sha ɗaya aka tuge a gaban jama'a, aka ba masu su kwana uku su bar gari, aka haƙa rami aka binne jabun kwalli. Ɗan dako aka sa shi sharar kasuwa wata guda. Sannan Sarki ya juya ga Tunau, ya ce, "Ba ka ci amana ba, amma gangarka ta yi wa maciya amana shela. Daga yau za ka shiga kasuwa shiru, ba rana ba sa'a. In ka gama aiki, a buga maka ganga har gida. Yanzu ɗauki turken nan, da hannunka aka tuge shi, da hannunka za ka mayar."

Tunau ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa a ƙofar rumfar Cindo, ya kama guduma yana bugu, rawani na zamewa. Cindo ya tsuguna kusa da shi, ya dafa turken yana jin kowane bugu a tafin hannunsa, hawaye na wanke kwallin da ya sa. Da Tunau ya ajiye guduma yana haki, sai tsoho ya ja baya, ya rufe ido ɗaya ya auna, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ranka ya daɗe, ya karkace. Ƙara masa biyu ta hagu."

Sarkin Kasuwa ya sake ɗaukar guduma, ya ƙara masa biyu ta hagu. Turke ya tsaya cak, kuma a nan hikayar ta tsaya.