Magidancin da Ya Toshe Indararonsa

Akwai wani magidanci da ya gaji soro daga mahaifinsa. Ginin ƙasa ne, rufinsa a shimfiɗe kan azara, da indararo biyu masu zubo da ruwan sama daga rufin. A cikin soron nan mahaifiyarsa take kwana. Tsohuwa ce, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, sai an riƙe ta take fita shan iska.

Da rani mutumin ya shanya gyaɗarsa a kan rufin. Sai ya ga tana gangarowa ta indararo, awaki suna jira a ƙasa suna cinye masa wahalarsa. Ya samo tsumma ya cusa a bakin kowane indararo, ya liƙe da laka. Dabara ce mai kyau, ba mai musun wannan. Gyaɗa ta bushe, ya kwashe abinsa ya sauko, ya jingine tsani a bayan rumbu. Tsumman kuwa ya bar shi a wurin, da niyyar cirewa kafin damina.

Bazara ta shigo da zafinta. Aka shiga kwanakin gumi, irin waɗanda mutum zai yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa sharkaf. Ko ganye ba ya motsi. Shamuwa ta dawo kan tsamiyar bakin gari, maƙwabta suka hau rufinsu suna yaɓe.

Tsohuwar ta kira shi ta ce, “Ɗan nan, gumin nan na ruwa ne. Ka hau ka buɗe indararon nan.”

Ya ce, “To, Inna, bari rana ta yi sanyi. Yanzu ko ƙadangare ba zai iya taka rufin nan ba.”

Da rana ta yi sanyi sai ya ce ya gaji. Da safe kuma ga sharar gona tana jiransa.

Ran nan hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sai iska ta taso ta watsa shi. Bayan kwana huɗu ya sake haɗuwa, ya sake watsewa, ko yayyafi ba a samu ba. Mutumin ya yi dariya ya ce hadarin bana cika baki kawai ya iya.

Maƙwabcinsa, wani dattijo magini, ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ce, “Ɗana, na hango indararonka a toshe. Azarar soron nan tun ta zamanin babanka ce, ba za ta ɗauki nauyin ruwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

Ya ce, “Haba Baba, aikin da bai kai shan kofin ruwa ba? Ranar da na ga ɗigon fari, kafin na biyu ya sauka na hau na sauko.”

Gaskiya ya faɗa, aikin ƙarami ne. Ƙanƙantarsa ce ma ta sa bai yi shi ba.

Wata rana matarsa ta tafi cin kasuwa a wani ƙauye, shi kuma ya tafi gonarsa ta nesa yin binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Da yamma hadari ya haɗu karo na uku. Wannan karon bai watse ba. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya. Mutumin ya shige bukkar gona yana murna, yana gode wa Allah, gama irinsa yana cikin ƙasa. Ya daɗe a nan yana lissafin dammunan hatsin da zai ɗaure. Sai da ya zuba wa ruwan da ke zuba daga jinkar bukkar ido, sa'an nan ya tuna da tsumman da ke bakin indararonsa.

Ya fito da gudu cikin ruwan, yana faɗuwa yana tashi. Da ya shiga gari ya ga indararon kowane gida yana feshin ruwa. Nasa kaɗai ne shiru.

Ruwan ya taru a rufin ya rasa hanya, ƙasar ta sha ta yi nauyi, azara ta karye. Tsohuwar ta yi ta kira tun lokacin da yoyo ya fara, amma tsawa ta danne muryarta. Maƙwabta suka taya shi tonon laka da hannu har suka kai gare ta. Sun same ta a bakin ƙofa, inda ta ja jiki ta tsaya, ba rai.

Irin da ya binne ya sha ruwa, bayan 'yan kwanaki gonarsa ta tsira da kyau. Bai ko je ya duba ta ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Soron shi ne zuciyarka, indararo kuma hanyar tuba ce da neman gafara. Tsumman nan ƙaramin zunubi ne da ka ajiye da hujja mai kyau, kana cewa za ka cire shi nan gaba. Gumi da shamuwa da bakin dattawa, gargaɗin Ubangiji ne. Hadarin da ya watse sau biyu haƙurinsa ne, mu kuwa sai mu ɗauka barazana ce kawai, har mu yi dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba kan mai jinkirin rufin ya faɗo ba. Sau nawa na tsaya a bakin kabari ina jin babban mutum yana kuka yana cewa, “Da ma gobe nake shirin zuwa in roƙe ta gafara”? Kowannenmu a ɗakin sujadar nan ya san tsumman da ya cusa, ya kuma san wanda yake kwance a ƙarƙashin rufinsa, matarsa ce, ko 'ya'yansa, ko tsohuwarsa. Kada ka jira rana ta yi sanyi. In an tashi daga nan, ka je ka ɗauko tsani.