Ruwan Lambun Koma

Ku yaran yanzu, bakinku ya fi hankalinku sauri. Ku ajiye surutu ku karanta.

Akwai wani mahauci a unguwar Koma ta Sokode, sunansa Fuseni. Lokacin babban yajin aiki ne, ana rigimar dimokuraɗiyya. Motoci sun tsaya, famfo ya ƙafe, kowa yana kallon maƙwabcinsa kamar ɗan leƙen asirin soja.

Unguwa duka ta koma ɗibar ruwa a tsohon lambun da Turawa suka bari, inda marmaro ke ɓuɓɓugowa ƙarƙashin manyan itatuwan mangwaro.

Wata safiya Fuseni ya ga baƙo a wurin da ƙaramin bido, wato jarkar ruwa. Bai bi layi ba, ya zaga har inda ruwan ke fitowa. Ya ciro farin ƙyalle daga aljihu, ya tsoma, ya matse.

"Kai, daga ina?" in ji Fuseni.

"Daga Dapaong, ɗan'uwa. Sunana Karimu."

"Dapaong babu ruwa ne? Kuma da wace mota ka zo, hanya a rufe? Motar soja?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗaga murya: "Jama'a, ga wanda aka aiko ya sa mana guba!"

Mata suka watsar da ruwansu. Samari suka rufe Karimu da duka har ƙafarsa ta karye. Sai da Malam Alasani, limamin unguwa, ya shiga tsakani da sandarsa.

"Ɗana, mene ne wannan ƙyallen?"

Karimu ya ce, "Baba, wanke shi nake. Mu can ba ma shan ruwa sai mun tace, saboda kurkunu. Uwata Salamata a nan Koma aka haife ta. Tana kwance, ta ce ba abin da take so sai ruwan lambun da ta sha tana yarinya. Da keke na zo."

Malam ya kamfaci ruwan ya sha a gaban kowa. Sannan ya juya.

"Fuseni, ka ga guba da idonka?"

"Baba, na dai yi zato..."

"To, zatonka ya karya ƙafar da za ta kai ruwan. Taka ƙafar lafiya take. Ɗauki bido, ɗauki keken."

Haka Fuseni ya rufe teburin namansa ya kama hanyar Dapaong. A kowane shinge aka tsare shi ana tambayarsa, "Me ke cikin bidon? Wa ya aiko ka?" Wani wuri har mari ya sha.

Ya iske tsohuwar da rai. Ta sha, ta lumshe ido, ta sa masa albarka. Sannan ta leƙa bayansa.

"Ina Karimu?"

Da bakinsa ya gaya mata abin da ya yi wa ɗanta.

Darasi: Kada ka yi wa mutum ihu a kan abin da ba ka gani ba. Ka tambaya, ka tsaya ka ji amsa. Ku tura wa masu saurin baki a gidajenku.